Dokar harajin Amurka ta 2025: riba muka ci ko asara?

Uwar 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Bronx ta birnin New York muke, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, maigidana kuma direban tasi ne, yaranmu uku. Tun da Trump ya sa hannu a dokar haraji ranar 4 ga Yulin 2025, maigidan yake cewa kakarmu ta yanke saƙa, wai an cire haraji a kan aikin ƙarin lokaci. Ni kuwa duk asabar na je cefane sai in dawo da leda biyu a kuɗin da a da nake cika kwando. Don Allah masu sani, in ƙara awanni ne, ko in bari? Kuma gaskiya ne kuɗin da muke aika wa gida ma za a cire musu haraji?

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam Hajiya. Maigidanki bai yi ƙarya ba, amma an yi wa maganar gishiri. Ba duk kuɗin ƙarin lokacin aka yafe ba, rabin nan da ake ɗorawa ne kawai. Ki ɗauka awarki dala 20 ce, ta ƙarin lokaci 30. Dala 10 ɗin nan ce kaɗai za ki cire daga abin da ake lissafa wa haraji. In kina ƙara awa 5 a mako, mako 50, kin tara 2,500, in kina matakin harajin kashi 12 cikin ɗari, dala 300 ke nan a shekara. Harajin fansho da na lafiyar tsofaffi, kashi 7.65, yana nan daram. Kuma rangwamen daga 2025 ne zuwa 2028. Rangwamen harajin yara ya tashi daga 2,000 zuwa 2,200 kowane yaro, wato ƙarin da zai iya kai 600 a gidanku, in yaran da ɗaya daga cikinku iyaye na da lambar Social Security, wato lambar shaida ta gwamnati.

Kawu na Greensboro: 'Yata, maganar aike gaskiya ce, kashi 1 cikin ɗari tun Janairun 2026, amma sai in tsabar kuɗi ko takardar kuɗi irin money order kika kai shago. Dala 500, a cire 5. Ki tura ta asusun banki ko katinki, ba ruwanki da shi. Ni da tsufana sai da jikata ta koya mini a waya.

Yaya Mai Aikin Jinya: Ku dai kuna ta ƙirga ɗari uku da ɗari shida. Ƙanwata, wane inshorar lafiya kuke? In Medicaid ne, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin samu, nan ya kamata ki sa ido. Dokar nan ce ta zabtare kuɗin Medicaid da tallafin abinci, ofishin kasafi na majalisa ma ya ce gidaje mafiya ƙarancin samu asara za su yi, na sama su kwashe. Ki ƙara awanni, samunku ya haura iyaka, inshora ya tafi, kwana ɗaya a asibiti ya cinye miki ribar shekara har da uwar kuɗi. Na gani da idona.

Uwar 'Yan Biyu: Yaya, Medicaid ɗin muke kuwa.

Yaya Mai Aikin Jinya: To kada ki karɓi awa ko ɗaya tukuna. Ki haɗa takardun albashinki da na kuɗin tasin maigida, ki kai wa masu taya cike haraji kyauta na shirin VITA, ki kuma tambayi ofishin inshorarku iyakar samun gida mai mutum biyar.