Yaya ake mayar da hoto abin da makaho zai shafa ya gane?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Malamai, hoton biki ake so dattijo mai larurar gani ya ji da yatsunsa. Ta ina ake farawa?

Malamar Unguwar Rimi: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da rage abubuwan da ke cikin hoton. Yatsa ba ya tantance inuwa da launi, iyakar abu yake bi. Ƙara girmansa zuwa A4, ɗora takarda mai shara-shara, zana gefen kai, kafaɗu, hula da hanci kawai. Kwafe zanen a kan kwali, ka bi layukan da gam ɗin katako, ka manna zare mai kauri. Bar aƙalla milimita 3 tsakanin layi biyu, in ba haka ba su haɗe a ƙarƙashin yatsa. Babbar riga a sa mata ƙyallen shadda, gemu auduga. Kada nau'in kayan da za a manna ya wuce uku ko huɗu, mai shafawa zai rikice.

Mai Buga Takardu: Gaskiya ne, Malama. Akwai kuma takarda mai kumbura: a buga da baƙar tawada mai sinadarin kabon, a bi da ita ta na'urar zafi, baƙin ya taso. Tawada mai launi ba ta tasowa, zafi in ya yi yawa kuma takardar duka ta yi ƙuraje.

Ɗan Kawo: Da hunturu kwali na lanƙwashewa, a danne shi da littattafai ya kwana. Lokacin da Baba ke shafawa, a riƙa faɗa masa wanda ke dama da hagu.