Inkonkulusib: wace kalmar Hausa za mu tsayar?

Jama'a, assalamu alaikum. Na karanta shawarwarin da aka kawo a wannan dandali kan kalmar Hausar da za ta maye gurbin inkonkulusib, wato kalmar Turancin da ake kiran zaɓen da ba a bayyana wanda ya yi nasara a cikinsa ba saboda an soke wasu rumfuna, kuma ina so in faɗi inda na tsaya tare da dalilaina, domin mu mutanen Sakkwato mun ɗanɗani abin da kalmar take nufi fiye da yawancin jihohi.

A zaɓen gwamna na 9 ga Maris 2019, Aminu Waziri Tambuwal na PDP yana gaban Ahmed Aliyu na APC da ƙuri'a 3,413, alhali mutanen da ke da rajista a rumfuna 136 da aka soke sun kai 75,403. Ƙa'idar hukumar zaɓe ta INEC ita ce, idan ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓen rumfunan da aka soke ba, to ba za a bayyana wanda ya yi nasara ba sai an koma waɗannan rumfuna. Aka koma ranar 23 ga Maris, Tambuwal ya tsira da ƙuri'a 342 kacal. Kano da Bauchi da Adamawa da Filato da Binuwai duk sun shiga wannan hali a shekarar. A 2023 kuma kujerun sanatocinmu uku sai da suka jira zaɓen 15 ga Afrilu, ranar da maƙwabtanmu na Kebbi suka ƙarasa nasu na gwamna.

Gidajen rediyo sukan ce "zaɓen da bai kammala ba". Maganar daidai ce, amma bayani ne mai tsawo, shi ya sa mai shayi da ɗan kabu-kabu suka gwammace kalmar Turancin duk da nauyinta a baki. Abin da ya fi damuna shi ne, a kunnen mutane da yawa inkonkulusib ta zama sunan maguɗi kawai. Lallai akwai inda 'yan bangar siyasa suke fasa akwatuna da gangan domin a soke rumfar da abokin hamayya yake da ƙarfi, kuma wajibi ne a kira wannan da sunansa. Amma wanda ya ɗauka cewa an riga an gama murɗiya ba zai fito ranar da aka koma ba, alhali mun ga kujerar gwamna ta rataya a kan ƙuri'un da ba su kai na rumfa guda ba.

Wani ɗan'uwa ya kawo "kunnen doki", wani kuma "canjaras". Waɗannan na waɗanda suka yi daidai wa daida ne, a nan kuwa akwai wanda yake gaba. "Zaɓen raba gardama" ya fi dacewa da zagaye na biyu, irin wanda aka yi a Nijar a Fabrairun 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, inda ƙasa duka ta sake fitowa. "Cike gurbi" na kujerar da mai ita ya rasu ne ko ya sauka. "Sake zaɓe" kuwa mun san shi tun 2008, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta rushe zaɓen gwamnan Sakkwato na lokacin, Aliyu Magatakarda Wamakko, aka faro daga tushe. Idan muka ari ɗaya daga cikin waɗannan, mun rikita abubuwan da doka ta rarrabe.

Malama da ta kawo "ratayayyen zaɓe", Allah ya saka miki da alheri, shawararki ce ta fi ɗaukar hankalina, domin ta kama halin zullumin da ake shiga a makonni biyun nan, lokacin da kowane ɓangare yake ƙirga rumfunan da suka rage da yatsu. Matsalarta ita ce ba ta gaya wa mai sauraro abin da ya rage a yi ba, kuma za ta iya shiga cikin ma'anar zaɓen da aka dakatar, kamar yadda aka dakatar da tattara sakamakon Ribas a 2019.

Ni abin da nake gani shi ne mu tsayar da kalmomi biyu masu tafiya tare. Halin da ake ciki mu kira shi "zaɓe mai saura", fitowar da za a sake yi kuma "zaɓen ciko". Bahaushe ya riga ya san cewa da sauran rina a kaba na nufin magana ba ta ƙare ba. Ciko kuwa kowa ya san shi a kasuwar hatsi: idan an auna maka gero tiya tara, ta goma ba ta cika ba, ba a juye buhun a faro awo, ana kawo abin da ya rage ne a ɗora a kan wanda aka auna. Ainihin ma'anar ke nan da nake so tsohuwar da ke ƙauye a Gada ko Kebbe ta ji daga kalmar kanta, wato ƙuri'un farko suna nan ba a zubar ba, kuma tata za a ɗora a kansu.

Akwai gyaran da wani malamin makaranta ya yi wanda na karɓa. Ya ce ciko yana kuma nufin cusa abu domin ya kumbura, saboda haka mai mugun nufi zai iya karkata kalmar. Gaskiya ne, don haka kada a taɓa cewa "cikon ƙuri'u". Ƙara ƙuri'un bogi yana da sunansa, aringizo. Ciko ya tsaya tare da kalmar zaɓe kaɗai.

Ga yadda mai karanta labarai zai faɗa: "Hukumar zaɓe ta ce zaɓen mazaɓar mai saura ne, za a yi zaɓen ciko a rumfuna goma ranar Asabar." Ina roƙon ma'aikatan Rediyon Rima da malamanmu na Sashen Harsunan Nijeriya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke tare da mu su gwada jimlar a bakinsu, su kuma gwada ta ga masu sauraro, sannan su faɗa mana ko ta zauna.