Abin da ma'aikatan jinyar masu ciwon daji suka yi ittifaƙi a kai game da tsara kulawar gaba

A wata tattaunawa da ma'aikatan jinyar masu ciwon daji suka yi kan tsara kulawar gaba, wato shirya tun da wuri irin jinyar da majinyaci yake son a yi masa idan ciwonsa ya tsananta, shawarar da ta fi rinjaye ita ce a fara maganar tun majinyacin yana cikin hayyacinsa, domin idan ciwo ya yi tsanani har ya kasa magana, nauyin yanke hukunci kan faɗo wa iyalan da ba su san ra'ayinsa ba. Da yawa sun ce a fara da tambayarsa abin da ya sani game da ciwonsa, da kuma iyakar abin da yake son a gaya masa.

Batun wakili ne ya ɗauki lokaci, kuma ya cancanci hakan. An ba da shawarar majinyacin ya zaɓi wanda zai yi magana da yawunsa, wanda ba lallai ne ya zama babban gida ba, sannan a tattauna a gaban wakilin kan na'urar taimaka wa numfashi, da yunƙurin farfaɗo da zuciya, da inda majinyacin yake son a yi jinyarsa, asibiti ko gida.

Idan iyali suka ɗauki zancen a matsayin yanke ƙauna, a gayyato malamin addinin da suka amince da shi. A rubuta komai a fayil, a kuma sabunta shi duk lokacin da aka sauya magani.