In su biyun sun yarda, bindigar airsoft wasa ce kawai?

Mai tambaya: Jama'a, a Ingila da Amurka akwai ma'auratan da ke shigar da bindigar airsoft (mai harba ƙananan harsasan roba) ko ta paintball (mai harba ƙwallon fenti) cikin wasansu na ɗaki, ɗaya ya harbi ɗaya a fatar jiki don zafin na yi musu daɗi. Ni a ganina manya ne, sun amince, harsashin kuma roba ne. Iyakarta ɗan kumburi.

Alƙalin fili: Malam, da ka ga abin da muke gani a filin wasan paintball da ba ka ce iyakarta kumburi ba. Ƙwallon paintball ya kai giram 3, faɗinsa kusan milimita 17, kuma filayen wasa sukan tsayar da gudunsa a ƙafa 300 cikin daƙiƙa ɗaya, wajen mita 90 ke nan. An yanke wannan gudu ne saboda mutumin da ke sanye da kaya, fuskarsa a rufe, yana nesa. Asalin bindigar paintball ma bishiyoyi da shanu ake sa wa alama da ita, sai a 1981 aka fara wasan a jihar New Hampshire ta Amurka. Ɗakin kwana kuwa, faɗinsa taku nawa ne?

Ma'aikaciyar jinya: Ni ido ne damuwata. Ƙashin da ya kewaye ido yana tare abu babba, amma ƙwallon nan ya isa ya shige ramin idon, balle harsashin airsoft mai milimita 6. Jini kan taru a gaban ƙwayar ido, tantanin baya kan saɓule, wani lokaci ƙwayar ta fashe gaba ɗaya. Haƙori ma yana karyewa.

Mai tambaya: Anti, ai ba fuska suke saitawa ba. Kuma suna da kalmar da in an furta ta, an tsaya nan take.

Ma'aikaciyar jinya: Kalmar tana tsayar da hannu, ƙanena, amma harsashin da ya riga ya fita fa? Mutum ya ji zafi ya zabura, na biyu ya same shi a wuya. Ga bango, ga tayil, harsashin roba yana dawowa, har mai harbin bai tsira ba.

Ɗalibin lauya: Batun yardar ma ba haka yake a Ingila ba. A shari'ar R v Brown ta 1993, kotun ƙoli ta lokacin, wato ta Majalisar Dattawa, ta ce amincewa ba ta wanke wanda ya ji wa wani rauni a irin wannan wasa. A 2021 sashe na 71 na dokar cin zarafi a cikin gida ya rubuta shi ɓaro-ɓaro: ba a kafa hujja da yarda kan mummunan rauni don jin daɗin jima'i.

Hajiya: Ni ban ga abin tattaunawa ba, 'ya'yana. Hadisi ya ce ba cuta, ba cutarwa. Mijin da ke son matarsa zai ɗaga mata bindiga, ko da ta roba ce? A bar shi kawai.

Alƙalin fili: Hajiya, na fi son a bari, wallahi. Amma masu yi ba za su fasa don mun yi shiru ba, gara su ji. Dukansu biyu su sa abin rufe fuska na ainihi, irin mai shaidar inganci ta ASTM F1776. Tabarau na yau da kullum farfashewa yake yi ya ƙara ɓarna. A auna ƙarfin bindigar da na'ura tukuna. A Birtaniya bindiga mai ɓarin wuta da ƙarfin harbinta ya wuce jul 1.3 (jul ma'aunin ƙarfi ne) ta fita daga sahun airsoft a doka. Ban da fuska, wuya da al'aura, ban da giya ko ƙwaya. Cire jakar harsashi kuma ba ya nufin bindigar ta zama fanko, ɗaya kan maƙale a ciki.

Hajiya: Duk wannan sharaɗi da ka jero, shi ne shaidar cewa ba wasa ba ne.

Mai tambaya: Har yanzu ina ganin zaɓinsu ne, Hajiya, in sun kiyaye.

Ma'aikaciyar jinya: To in ta faru a ido, kada a murza, kada a danna, kada a yi ƙoƙarin ciro komai. A kifa ƙaramin kofi a kai, a tafi asibiti a daren, ko da mutum yana gani, domin jinin kan sake ɓallewa bayan kwana biyu zuwa biyar. Kuma a gaya wa likita ainihin abin da ya bugi idon, kunya kada ta sa a ce ƙofa ce.