Wa ya taɓa fizge SSD bai sallame shi ba? Ku zo mu ji yadda aka ƙare

Mai hoton biki: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar na dawo daga wani kamu, na zauna ina juye bidiyon daga katin kamara zuwa SSD ɗina na waje, wato faifan ajiyar da ake jonawa da kebul, wajen gigabait 80. Layin kwafin ya cika, akwatin ya ɓace, ga mai adaidaita yana ta danna mini hon a ƙofar shago, sai na fizge kebul ɗin na jefa a jaka. Kwamfutata Mac ta yi mitarta ta kullum cewa ba a cire faifan yadda ya dace ba, ko kallonta ban yi ba. Washegari na jona, folda tana nan, sunaye suna nan, amma fayiloli ukun ƙarshe sun ƙi buɗuwa, ɗaya ma girmansa sifili ne. Allah ya so ni ban goge katin ba. Faifan ne ya fara mutuwa, ko ni na jawo wa kaina?

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam. Oga, faifanka lafiyarsa lau. Cikar layin nan ba ta nufin kayan sun sauka. Kwamfuta kan tara wani ɓangare a cikin RAM, ma'ajiyarta ta wucin gadi, tukuna, ta ce maka ta gama, sannan ta ci gaba da zubawa a hankali. Sallamar da ake yi, wato danna "Eject" kafin a zare, ita ce ke tilasta mata ta juye ragowar ta rufe lissafinta. Shi ma SSD ɗin yana da nasa ɗan injin a ciki mai riƙe da taswirar inda kowane abu yake, kuma daga kebul ɗin nan yake shan wuta. Ka zare yana tsakiyar rubutu, kamar ka ɗauke fitila ne mai kanti yana cikin rubuta bashi. Wane tsarin ajiyar fayiloli aka yi wa faifan?

Mai hoton biki: exFAT ne, don ina kai shi shagon da ke wanke mini hotuna, su kuma Windows gare su.

Mai gyaran kwamfuta: To ka gani. exFAT ba ya ajiye kundin abin da yake shirin yi kafin ya yi, wanda NTFS, tsarin Windows, ke ajiyewa. Shi ya sa idan aka katse shi ba ya iya komawa ya daidaita kansa. Yawancin faifan da ake kawo mini da wannan ciwon exFAT ne.

Sakatariya: Ku yi haƙuri malamai, ni fa shekara ta huɗu ke nan ina zare nawa a ofis kai tsaye, ko takarda ɗaya ban taɓa rasawa ba. Na ɗauka duk tsoratarwa ce irin ta masu gyara.

Mai gyaran kwamfuta: Hajiya, ba ƙarya kika yi ba. Tun daga Windows 10 sigar 1809, Microsoft ta mayar da "Quick removal" ya zama tsarin asali na faifan waje, wato Windows ba ta tara rubutun, nan take take zubawa. Ga shi kuma takardun Word kike ajiyewa, kafin ki miƙa hannu sun riga sun sauka. Amma ranar da kika zare takarda tana buɗe tana ajiye kanta, za ki neme ni.

Mai tace bidiyo: Ni nan aka kama ni. Na shiga Device Manager, wajen saitin na'urori a Windows, da kaina na mayar da faifana "Better performance", wato a riƙa tara rubutun, don aikin ya ƙara gudu, kuma ya ƙara ɗin. Bayan wata biyu na manta sarai. Ƙanena ya zo aron faifan, ina waya, na ce masa da hannu ya ɗauka. Da ya dawo da shi sai Windows ta ce wai in yi masa fomat, wato in goge shi a sake tsara shi, kafin in yi amfani da shi. Gumi ya karyo mini, aikin mutane ne na sati uku a ciki. Na danna a'a, na kunna chkdsk, manhajar Windows mai duba faifai da gyara shi, ya dawo da mafi yawa, sauran ya tara mini su a wata folda FOUND.000 da sunaye marasa kan gado, na kwana ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Don Allah duk wanda ya ga saƙon fomat ɗin nan kada ya amsa da to.

Ɗalibi: Yayana, a Linux abin ya fi fitowa fili. Na kwafi fayil mai gigabait 6, cikin ƙiftawar ido ya ce ya gama. Na rubuta sync, umarnin da ke sa a juye ragowar cikin faifai, sai da na jira kusan minti guda kafin ya sake ni. Tun ranar na daina yarda da layin kwafi.

Sakatariya: To ni abin da ya sa ma na daina sallamar, kullum sai ta ce mini ana amfani da na'urar, alhali na rufe komai.

Mai tace bidiyo: Akwai abin da ya riƙe shi a ɓoye, ko manhajar kashe bairos tana bincike, ko tagar folda da kika bari, ko Word bai gama fita ba. Ki buɗe manhajar Resource Monitor ta Windows, ɓangaren CPU, akwai wajen neman abin da ke riƙe da fayil, ki sa harafin faifan, misali E:, zai nuna miki mai laifin. In kina sauri ki kashe kwamfutar gaba ɗaya, ta mutu sannan ki zare. Rufe murfin laftop ba kashewa ba ne.

Mai shagon buga takardu: Ni ban ma zare ba. Aka ɗauke wuta, kwamfutar tebur ce ba UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, sakamakon ɗaya ne. Wani lokacin kuma kebul ne ya saki, gwiwata ta taɓa tebur kawai faifan ya ɓace ya dawo. Na canja kebul, na sayi gajere.

Mai hoton biki: Na gode ƙwarai. Na sake juye ukun daga katin, na ja faifan zuwa kwandon shara, yadda ake sallama a Mac, na jira hotonsa ya ɓace daga fuskar kwamfutar, daƙiƙa bakwai na ƙirga. Na sa First Aid na Disk Utility, mai duba lafiyar faifai a Mac, ya duba shi, ya ce ba matsala. Malam mai gyara, in na mayar da shi APFS, tsarin Mac, shagon wankin hoton za su iya buɗewa?

Mai gyaran kwamfuta: Windows ba ta karanta APFS sai an sa mata wata manhaja daban. Bar shi a exFAT ɗinsa, kuma kada ka goge katin sai amarya ta karɓi kayanta.