An hana shi bizar aiki, yana so ya shiga da ta Umara: yadda aka kaya a zaure

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wallahi raina a ɓace yake. Adaidaita sahuna na sayar, na ba wani ejan kuɗin bizar aikin tuƙi a Jidda. An ɗebi jinina, an yi mini hoton ƙirji, na dangwala yatsu, na zauna jira har damina ta wuce. Jiya ya kira ni ya miƙo mini fasfo a cikin ambulan, babu biza. Wai an ƙi, kuɗin kuma wai tuni an tura wa kafili, wato wanda zai ɗauke ni aiki a can Saudiyya. Yanzu cewa yake in ƙara wani abu ya fitar mini da bizar Umara, tunda ta kwana 90 ce, in na shiga sai in nemi aikin da kaina. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne, wanda aka hana bizar aiki ba a hana shi shiga ƙasa ba. Ƙofar ziyara daban, ƙofar aiki daban. Wanda ya san akasin haka ya fito ya faɗa.

Malamin Zariya: Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri. Amma ƙanena, in an taƙaita maganar, so kake ka je ka zama takari.

Tsohon Jidda: Malam, janye wannan kalma. Da ita ake zagin iyayenmu a unguwar Sharamansur ta Makka da Karantina ta Jidda, yau kuma ɗan'uwanmu Bahaushe ne zai jefi yaro da ita a gaban jama'a?

Malamin Zariya: Baba, ku yi haƙuri, ba zagi na yi ba. A Kano ma haka ake kiran duk wanda ya tafi Umara ya maƙale.

Tsohon Jidda: To waɗanda suke kira ba su san tarihi ba. Takrur daula ce ta Musulunci a bakin kogin Senegal, da sunanta Larabawa suka riƙa kiran alhazan Afirka ta Yamma. Kakanninmu da ƙafa suka tafi, ta Barno, ta Wadai, ta Darfur, suna noma a hanya suna tara guzuri, har su kai Sawakin su ƙetare teku. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka nausa gabas, ga garin Mai Wurno can a Sudan har gobe. Waɗannan ne kake haɗawa da masu gudun 'yan sanda?

Ɗan Damagaram: Baba ya faɗi gaskiya. Amma wa ya ɓata sunan? Ku 'yan Najeriya ne. Mu da muke zuwa ibada mu koma gida, laifinku ne ke shafarmu, don Balarabe in ya ji Hausa ba ya tambayar fasfo.

Ɗan Fagge: Kai malam, kama kanka. Je ka Sharamansur ka ƙirga 'yan Maraɗi da 'yan Tawa, sannan ka dawo mu yi magana.

Ɗan Damagaram: Kai ka ƙirga su?

Ɗan Fagge: Yayana ya daɗe a can, shi ya faɗa mini.

Ma'aikacin Filin Jirgi: Jama'a, yaron nan tambaya ya yi. Ɗan Kurna, saurara da kyau. Rabin maganarka gaskiya ce: bizar Umara da ta aiki ba hanya ɗaya suke bi ba. Sauran rabin ne zai kai ka ya baro. Biza tana kai ka gaban jami'in Jawazat ne kawai, wato hukumar shige da fice ta Saudiyya, shi ke da ikon cewa wuce ko koma. A Nuwamban 2023 jirgin Air Peace ya ɗebi mutum 264 daga Legas da Kano, kowa da bizarsa a hannu. Suna sauka a Jidda aka soke. Daga baya aka bar 87 suka shiga, aka dawo da 177. Ofishin jakadancin Saudiyya ya ce bayanan da aka bayar wajen neman bizar ba su dace da irin bizar da aka karɓa ba. Kai kuma ga shi da bakinka ka ce aiki za ka nema. Bizar Umara ba a aiki da ita, ba kuma a mayar da ita igama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Bizar yawon buɗe ido da suka buɗe a 2019 ta intanet ƙasashe 49 aka fara ba wa, babu Najeriya babu Nijar a ciki. Sannan tambaya ɗaya: ka ga wata takarda da ta nuna an shigar da fasfonka an ƙi, ko bakin ejan kawai ka ji?

Ɗan Fagge: Wannan jirgi da ka kawo ai hujjarmu ce. Tsana ce kawai. Ka manta 2012, da aka tsare matanmu kusan 1,000 a filin jirgi saboda muharrami, har Najeriya ta dakatar da jigilar alhazai? Su ma takari ne?

Malamin Zariya: Waɗancan da kujerar Hajji suka tafi, kada ka haɗa. Ni magana ta a kan niyya take. Mutum ya ɗaura harami, ya yi talbiyya, alhali zuciyarsa na kan sitiyari. Ya sa hannu cewa zai fita kafin wa'adi, ya san ba zai fita ba. Wannan saɓa alkawari ne, ko da wane suna aka kira shi.

Tsohon Jidda: Yanzu kuma ka koma duba zukata? Allah da kansa ya ce babu laifi a nemi falalarsa a lokacin Hajji.

Malamin Zariya: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ayar tana Baƙara, kuma a kan fatauci take. Ba ta ce a yi wa hukuma ƙarya ba.

Maman 'Yan Biyu: Ku bar ni in yi magana, don ni na zauna a can ba takarda, kuma ni aka kira da sunan nan a fuskata. Ɗan Kurna, ɗana, kwanakin farko daɗi ne, kana Harami kana shan zamzam. Ranar da biza ta ƙare, ranar za ka fara tafiya kana waige. Ba ka buɗe asusun banki, ba ka kama ɗaki da sunanka. Na yi wa wata mata aikatau, wata ya ƙare ta ce babu kuɗi, in na isa in kai ƙara. Ina zan kai? Akwai daren da aka ce ana kame a layinmu, na kwana a saman bene bayan tankin ruwa, da fasfona ɗaure a cikin zani, ko tari ban iya yi ba. Kai kuma tuƙi kake so, aikin da kullum kana kan titi, kowane shinge sai an ce kawo igama da lasin. Mace ta ɓuya a cikin gida, direba a ina zai ɓuya?

Ɗan Fagge: Hajiya, amma ai da kuɗin can kika gina gida.

Maman 'Yan Biyu: Wa ya gaya maka? Ka taɓa zuwa gidana? Kada ka sake yi mini irin wannan magana, na haife ka.

Ɗan Fagge: Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya. Ji na yi ana faɗa.

Ma'aikacin Filin Jirgi: Ƙari a kan maganar Hajiya. Ma'aikatar cikin gidan Saudiyya ta sanar cewa wanda ya wuce wa'adin bizarsa na iya fuskantar tara har riyal 50,000, ɗauri har wata 6, sannan tarhil, wato a koro shi gida. Zamanin canza suna a sake fasfo ya wuce, yatsun da ka dangwala suna cikin kwamfuta. Wanda aka kai Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora, aka koro, har sake shigarsa ƙasar nan gaba ya jefa cikin matsala.

Ɗan Damagaram: Shi ya sa na ce 'yan Najeriya ne.

Ɗan Fagge: Shugaba, a ja wa mutumin nan kunne ko in fita.

Ɗan Kurna: Ni fa ban ce zan maƙale ba. Kuma ni ba takari ba ne, ubana ma ba takari ba ne. Malam, ina jiran ka janye.

Malamin Zariya: Kalmar na janye saboda girman Baba. Hukuncin ban janye ba.

Tsohon Jidda: Ka ji, yaro ma ya ɗauke ta zagi. Ni kuwa a ainihin ma'anarta ina alfahari da ita, don kakana a Sawakin aka binne shi.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, ga abin da aka tattauna. Na farko, an yarda cewa kalmar takari tana da tarihi mai daraja, kuma Malam ya janye, Allah ya saka wa Baba da ya ilmantar da mu. Na biyu, an tabbatar cewa hana bizar aiki ba ya hana mutum Umara, don haka maganar Ɗan Kurna ta tsaya. Na uku, an nuna cewa ana matsa wa mutanenmu a can, kamar yadda aka gani a 2012 da 2023. Ina kuma roƙo a daina yi wa ejan-ejan kuɗin goro, don akwai masu amana a cikinsu, ƙanena ma sana'arsa ke nan. Wanda ya sake kawo maganar Nijar da Najeriya zan cire shi.

Maman 'Yan Biyu: Shugaba, ina maganata ta shiga? Na ce direba ba shi da wurin ɓuya, ba ka sa ba. Tara da ɗaurin da aka faɗa ma ba ka sa ba.

Ma'aikacin Filin Jirgi: Ni ma rabi na ce, ranka ya daɗe, kai ka mayar da shi duka. Ɗan Kurna, kafin ka ƙara wa mutumin nan ko sisi, ka ce ya nuna maka lambar bizar da kafilin ya fitar da rasit ɗin shigar da fasfo. In ya fara kame-kame, ka tafi da shaidu biyu da takardar cinikin adaidaitarka.