Yawan mantuwa da rashin natsuwa: abin da aka tattauna

Jama'a, maganar da aka yi kan yadda za a rage yawan mantuwa da rashin natsuwa ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Barci. Kusan kowa ya ambace shi. Babba na buƙatar awa 7 zuwa 9. Mai latsa waya har ƙarfe biyun dare kada ya yi mamaki in ya ɗora tukunya ya manta har shinkafa ta kama.

2. A kashe ƙarar WhatsApp lokacin karatu.

3. Aiki ɗaya a lokaci ɗaya. Wasu na yin minti 25, su huta minti 5.

4. Makulli da tabarau su samu gurbi ɗaya. Wata ta ce ƙusa ta buga a bayan ƙofa, shi ke nan rigimar safe ta ƙare. Ni ma na kwaikwaya.

Inda aka rabu:

Zaman shiru ana bin numfashi. Wasu sun ce minti 10 bayan Asuba, ka ƙirga shigarsa da fitarsa, in tunani ya tafi kasuwa ka dawo da shi a hankali. Wasu suka ce zikiri da tilawa a tsanake sun wadatar, ba sai an yi aro ba. Kaɗan kuma haɗawa suke yi.

Goro da shayi mai kauri: masoyansu sun kare su, amma sun yarda bayan la'asar suna korar barci.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ja kunne: in mantuwar ta zo da kasala da jiri, a je asibiti a auna jini, ƙarancinsa na kawo haka.